Ma'aji da Rasiɗin Talaka

Assalamu alaikum masu sauraro a nan Sudan, daga Mai Wurno zuwa Madani, daga Gadarif zuwa Kasala da Damazin. Sharhinmu na yau a kan ma'aji ne, mutumin da ake danƙa wa mabuɗin baitulmalin gwamnati.

Duk wanda ya taɓa zama a Umdurman ya san unguwar da ake kira Baitul Mal. Yara da yawa sun tashi a can ba tare da sun tambayi asalin sunan ba. A wurin ne taskar daular Mahdi take, bayan cin Hartum a 1885. Can ake tara zakka da ganima da hatsi, can ake buga riyal, daga can ake ciyar da mayaƙa. Ahmad Sulaiman ne ya fara riƙe ta. A 1886 Halifa Abdullahi, magajin Mahdi, ya sauke shi ya naɗa Ibrahim Adlan, ɗan kasuwa wanda ya san lissafi. Adlan ya zuba magatakarda, ya sa kowane buhu da ya shigo ko ya fita sai an rubuta shi. Sai yunwar nan da ake kira Sana Sitta ta faɗo, wato shekarar 1306 bayan hijira, hatsi ya zama zinare. Wa za a ba, wa za a hana? A kan irin wannan ne ya sami saɓani da manyan fada, kuma a 1890 aka kashe shi. Duk sanda na tuna Adlan sai jikina ya yi sanyi, domin ya nuna cewa kujerar ma'aji ta fi zafi ranar da rumbu ya kusa ƙarewa.

Aikin dai ya girmi Umdurman nesa ba kusa ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, abu biyu ya ambata game da kansa: tsaro da sani. Abu Ubaida ɗan Jarrah, wanda aka yi wa laƙabi da amintaccen wannan al'umma, shi ya kula da dukiyar jama'a a zamanin Sayyidina Abubakar. Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane da rabon kowa. A ƙasar Hausa ta kakanninmu ma sarautar Ma'aji da ta Ajiya tsofaffi ne. Da Turawa suka zo, a Katsina suka fara tsara baitulmalin En'e, aka yanka wa sarki da hakimai albashi, aka raba aljihun sarki da asusun jama'a.

To, yau me ma'aji yake yi? Ba shi yake yanke haraji ba, ba shi yake zaɓen inda za a gina asibiti ba. Wannan aikin masu tsara kasafi ne. Nasa shi ne ya karɓa, ya ajiye, ya biya abin da doka ta amince, ya kuma iya nuna takardar kowane fam. Idan mai mulki ya aiko da 'yar takarda a fitar da kuɗin da babu su a kasafi, ma'aji na ƙwarai cewa yake, ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba. A ganina rabin aikin ke nan.

Sauran rabin yana hannunmu. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif na taɓa ganin wani dattijo ya sauke buhunan riɗi, aka karɓi kuɗi a hannunsa, ya tsaya cik bai gusa ba. Mai karɓar ya ce, Baba, lafiya? Ya ce, ɗana, ina Urnik 15 ɗina? Wato rasiɗin gwamnati. Da aka ba shi, sai ya ninke ta huɗu, ya ciro wani tsohon gwangwanin madara daga jakarsa ya cusa ta tare da na bara da na bara waccan. Dattijon nan bai yi boko ba, amma ya san kuɗin da ba a yanka wa wannan rasiɗi ba, da wuya su ga ƙofar baitulmali. Saboda haka ne aka mai da Urnik 15 ta na'ura a 2015, don kowane biya ya bayyana a asusun ma'aikatar kuɗi. Ciwon da ake son magancewa shi ne abin da ake kira tajnib, inda hukuma take tara kuɗi ta ware su gefe, ta kashe yadda ta ga dama, ma'aji bai sani ba. Wannan ɗabi'a ta cuci Sudan, musamman bayan 2011, da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, taska ta koma dogaro da haraji da zinare da gumin manoma.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara dagula lissafi. Ofisoshi sun ƙone, ma'aikatu sun yi ƙaura zuwa Bur Sudan, malaman makaranta sun yi watanni ba albashi. Wanda zai zauna ya sake haɗa waɗannan littattafai yana da jan aiki a gabansa, kuma Allah ya taya shi. Mu kuwa, 'yan'uwa, kakar riɗi da dawa tana tafe. Duk wanda aka tare shi a hanya ko a kasuwa aka ce ya biya, ya tambayi sunan kuɗin da hukumar da take karɓa, ya karɓi rasiɗinsa, ya adana.

Sai mun haɗu a sharhi na gaba. A huta lafiya.