Ƙungiyar da ke riƙon yaran titi: wata nawa kuɗinta za su kai ta?

Jama'a, a ce ga wata ƙungiya a Marwa, a arewacin Kamaru, tana ɗauko yaran da suka gudo daga gida, masu kwana a tasha da bakin kasuwa, ta ba su makwanci, ta nemo danginsu. Ta yaya za ku gane ko tana tsaye da ƙafarta?

Abin dubawa na farko, nawa ne daga kuɗin da ke banki take da ikon taɓawa. Yawancin tallafin waje da sharaɗi yake zuwa. In an ba da sefa miliyan 20 don gina aji, to ko an kwana ba a ɗora tukunya ba, ba a sayen dawa da su. Sai ku ga kuɗi jibge a takarda, mai girki kuwa tana bin albashin wata biyu.

Ku cire irin waɗannan kuɗin, ku raba ragowar da abin da gidan ke ci a wata: abinci, haya, magani, albashi, da kuɗin motar mai da yaro garinsu. Abin da ya fito shi ne watannin da za ta kai in mai bayarwa ya janye hannu. In bai kai wata 3 ba, ni dai hankalina ba ya kwanciya. A nan Arewa ma abin ya fi ciwo, don mai ajiya da kaka take sayen dawa buhu-buhu, marar ajiya kuwa sai awo mudu-mudu a watan Agusta, lokacin da hatsi ya fi tsada.

Sai kuma, daga hannu nawa kuɗin ke fitowa? A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID, hukumarta ta ba ƙasashen waje tallafi, ƙungiyoyi da dama suka sallami ma'aikata. Gudummawar 'yan kasuwar gari ba ta da yawa, amma ba ta yankewa rana ɗaya.

Duk wannan ba asiri ba ne. Tun 1 ga Janairun 2024, dokar OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci ɗaya, ciki har da Kamaru da Chadi, ta tanadar wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba tsarin lissafi nasu na shekara-shekara. Ku nemi a nuna muku na bara. In shugaba ya ce takardun suna wurin akanta, ku sa masa ranar da za ku dawo.