Malamin Labarin Ƙasa Ba Cikon Benci Ba Ne

(An rubuto daga laccar da aka yi wa malaman makaranta a Mai Wurno, jihar Sinnar)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, 'yan'uwana asatiza, sannunku da zuwa.

Shekarar da na fara koyarwa, shugaban makarantarmu ya zauna rabon darussa. Lissafi aka nemi gwani, Larabci aka nemi gwani. Da aka zo kan jugrafiya, wato labarin ƙasa, sai ya ce a bai wa wanda jadawalinsa bai cika ba. Ni aka bai wa. Har yau maganar nan tana ci mini rai, domin da yawanmu mun karɓi wannan raini mun rungume. Ka tambayi mutum me yake koyarwa, sai ya yi ƙasa da murya.

Alhali a ƙasar nan darasinmu yana da asali. A 1934 aka buɗe cibiyar horar da malamai ta Bahtar Ruda, kusa da Duwaim a bakin Farin Nilu. Dattawan da ke nan za su tuna yadda tsarinta ya koyar da su: ba a fara da haddar sunayen duwatsu ba. Ɗaukar yaro ake yi a zuci a kai shi ziyara, yau wajen aboki mai noman dabino a Golid can arewa, gobe wajen makiyayi a Babanusa, jibi Yambiyo. Me suke ci, da me suke gina ɗaki, ina suke samun ruwa? Mutum ya tsufa bai manta ba.

To mu fa? Ga bahar, kamar yadda muke kiran kogin Shuɗin Nilu a nan, yana wucewa ta gindin garinmu. Ɗalibi nawa ne a ajinka ya san cewa ruwan nan daga Tafkin Tana na Habasha ya taso? Nawa ne ya san dalilin da ya sa yake rinewa ya yi jawur a watan Agusta, cewa ƙasar tsaunukan Habasha ce ruwan sama ya wanko? Madatsar Sinnar tana nan kusa da mu, tun 1925 take shayar da gonakin Jazira. Akwai malamin da ya shekara goma yana zana ta a allo, bai taɓa kai yara sun ga bakin babbar tashar ruwan da idonsu ba. Wallahi wannan asara ce.

Kuma mu Hausawa da Fulanin Sudan, wa ya kai mu bukatar taswira? Bayan yaƙin Burmi a 1903, da ƙafa kakanninmu suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka sauka nan. Wasu niyyar hajji ta fito da su, suka ratsa Chadi da Darfur da Kurdufan. Ka sa yaro ya tambayo kakarsa zangon da suka yada, ya zo ya ɗora a taswira. Ranar zai gane me ake nufi da nisa, da rijiya, da ƙaura.

Sai dai a kula, iliminmu ba ya zama wuri ɗaya. Na shiga wani aji na tarar da taswirar da ta girmi 9 ga Yuli 2011, ranar da Sudan ta Kudu ta ɓalle, Juba babban birninta tana ciki, malam yana cewa Sudan ce ta fi kowace ƙasa girma a Afirka. Aljeriya ce yanzu. Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta da ke kan kogin nan namu a 2020, manomin bakin kogi ya lura da sauyi kafin littafinmu ya lura. Tun Afrilun 2023 kuma ajujuwanmu sun cika da yaran da yaƙi ya koro daga Khartum da Madani. A bi su a hankali, akwai ciwo a zukatansu, amma wanda ya so ya ba da labarin hanyar da ya biyo, a saurare shi.

Na san za ku ce babu horo, albashi ma sai an ga dama. Gaskiya ne, ni ma a ciki nake. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mu malaman darasin nan mu riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, wanda ya iya duba taswira a waya ya koya wa wanda bai iya ba. Sannan kowa ya nemi gwangwani mai miƙaƙƙen baki da rula, ya ajiye a filin makaranta kafin ruwan farko, yara su riƙa aunawa kowace safiya suna rubutawa. In Allah ya kai mu ƙarshen damina, kowace makaranta ta zo da littafinta mu gwada.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, bismillah.