Ranar da Aka Ji Sararin Samaniya Ya Girgiza

To, jama'a, na baya kuna jina? Madalla. Abubuwa uku zan taɓo, in lokaci ya bari.

Na farko, girgizar sarari. Tun 1916 Einstein ya ce in manyan abubuwa masu nauyi suka motsa da ƙarfi, shi kansa sararin yakan miƙe ya takure, kamar yadda ruwan tafki ke kaɗawa in an jefa dutse. Aka yi kusan shekara 100 ba wanda ya kama ta. Sai ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO biyu a Amurka, ɗaya a Livingston ɗaya a Hanford, suka ji ta. Baƙaƙen ramuka biyu ne suka haɗe, wato wurare a sarari da ƙarfin jansu ya kai ko haske ba ya iya kuɓuce musu, ɗaya nauyinsa ninki 36 na ranarmu, ɗaya 29. Ku haɗa min. 65 ko? To abin da ya rage 62 ne. Ina ukun? Nauyin rana uku, rana uku fa, ya zama girgiza cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya! Ta yi tafiyar sama da shekara biliyan ɗaya kafin ta iso mu.

Kuma ku ji awon. Hannun na'urar, wato dogon bututu, kilomita 4 ne, hasken lesa na kai da kawowa a ciki, amma canjin tsawon da aka auna bai kai faɗin furoton ba, wato ƙwayar da ke tsakiyar ƙwayar zarra, ko kusa. Mota ta wuce ma sai ta fi haka girgiza shi. Shi ya sa aka gina biyu nesa da juna, in ɗaya ta ji, a tambayi ɗayar. Kyautar Nobel ta fiziks ta 2017 a nan ta tafi.

Na uku... a'a, na biyu ko? Madubin hangen nesa na James Webb, da aka harba a Disamba 2021, yana hango tarin taurari da suka girma da wuri, tun farkon samuwar sararin samaniya, fiye da zaton masana. Mu wuce.

Na'am, ɗalibar can?

"Malam, abin duhun nan da ake cewa ba a gani, ta yaya aka san yana nan?"

Kin ƙwace min na ukun. A shekarun 1970 masaniyar taurari Vera Rubin ta auna gudun taurarin da ke gefen tarin taurari, ta ga gudunsu ya yi yawa. Da nauyin da muke gani ne kaɗai ke riƙe su, da tuni sun tarwatse. Akwai wani nauyi ke nan, kusan ninki biyar na wanda muke gani. Ana ta farautar ƙwayarsa a ɗakunan gwaji na ƙarƙashin ƙasa, har yau ba a kama ko ɗaya ba. Mai kula da lokaci yana ta ɗaga min hannu, sai mu tsaya nan.