Cikon Ramin Bututun Kashe Gobara: Inda Aiki Yake Lalacewa

Tambayar da ke ta yawo ita ce: tunda bututun roba ne, ba ya tsatsa, me zai hana katafila ta ture ƙasar a rufe rami a tashi? To, ku tsaya.

Bututun kashe gobara da ake binnewa shi ke kawo ruwa daga tanki da famfo zuwa kawunan fesa ruwan da ke jikin silin. Yana kwance a ƙasa shekara da shekaru, ba mai tuna shi sai ranar da wuta ta tashi. Ƙa'idar da injiniyoyi da yawa ke bi wajen binne shi daga Amurka take, NFPA 24.

Haƙa ba wuya. A inda ƙasa ba ta daskarewa, ƙasar da ke kan bututu kada ta gaza santimita 80, a ƙarƙashin hanyar mota kuwa 90. A share gindin rami, a shimfiɗa yashi, a ɗan rarake gurbi a inda bututu biyu suka haɗu don kada nauyi ya taru a kan mahaɗar.

Yanzu ku lura da kyau da lungun da ke ƙasan cikin bututu, dama da hagu. Idan aka watso ƙasa daga sama, ba ta shiga nan. Sama ya cika, ido ya gamsu, amma ƙasa kogo ne. Bututun roba, PVC ne ko HDPE, ba shi kaɗai yake ɗaukar nauyin da ke kansa ba, ƙasar gefensa ce ke tokare shi. Ku danna gorar roba daga sama ku ga yadda take buɗewa ta gefe, sannan ku riƙe gefen da hannu biyu ku sake dannawa. Aikin da yashin nan yake yi ke nan.

Don haka lebura zai shiga da shebur, ya riƙa cusa yashi ƙarƙashin cikin bututun, yana daɓewa da madaɓin hannu. Kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 a kowane zubi, kuma gefe biyun su riƙa tashi tare, in ba haka ba bututun zai gusa. Aikin akwai gajiya, kuma shi ne wanda ake yi wa ha'inci idan rana ta take. Ni dai a ganina, mai duba aiki ya fi amfani a bakin rami a wannan lokacin fiye da ranar gwajin matsin ruwa. In aka yi ha'incin, damina ɗaya ta isa: ruwa ya ratsa, ƙasa ta zauna, tirela ta bi ta kai, mahaɗa ta fara yoyo.

Me ake zubawa? Ƙasa mai tsabta. Ba dutse, ba buraguzan bulo, ba toka, ba shara. Duk guntun marmara mai kaifi, a cire shi. Idan cikin dutse aka fasa ramin, a sa daɓaɓɓiyar ƙasa aƙalla santimita 15 a ƙasa da kewaye, 60 a sama.

Kada a rufe duka tukuna. A cike tsakanin mahaɗa da mahaɗa don bututu ya zauna daram, a bar mahaɗan a buɗe. A kowace kwana, a bari kankaren da aka zuba don ya tokare bututu ya bushe. Sai a sa ruwa a matsa zuwa aƙalla psi 200 (psi ma'aunin matsin ruwa ne), a bar shi awa 2, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya ana dubawa.

In ya ci gwaji, a shimfiɗa waya a tsawon bututun, domin na'urar neman ƙarfe ba ta ganin roba, a ɗora kintinkirin gargaɗi a sama. Injin daɓe mai nauyi kuma ya jira sai ƙasa ta yi kauri a kan bututun kafin ya hau.