Littafin da majalisa ta yi wa zama, mu kuma muka karanta shi a Agege

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar danfo, motocin hayar Legas, a unguwar Ojuelegba nake, wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Bari in matso da kyamara. Wannan mai yagaggen bangon shi na zo nema, Jagua Nana na Cyprian Ekwensi. Takardunsa har sun yi ja don tsufa, wani ɗalibi ya bi gefen shafuka da jan biro, amma babu shafin da ya ɓace, to alhamdu lillahi.

Ga waɗanda yau suka fara kallona, ni malamin adabi ne, ɗan Kano, neman abinci ya kawo ni Ikko. Ranar Asabar da yamma muna da zaman karatu a Agege da samari da 'yan matan da suka gama sakandare suna jiran jami'a. Yawancinsu 'ya'yan Hausawa ne haifaffun nan, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu.

Ekwensi ba baƙonmu ba ne. Ɗan ƙabilar Ibo ne, amma a Minna aka haife shi a 1921, a Arewa ya tashi. Lokacin da muka karanta The Passport of Mallam Ilia na 1960, da Burning Grass na 1962, labarin Mai Sunsaye Bafillatanin da sokugo, ciwon yawo, ya kama, iyaye har albarka suka riƙa sa min. Tsakanin waɗannan biyun, a 1961, mutumin nan dai ya fitar da Jagua Nana, kuma a nan ƙura ta tashi. Labarin wata mace ce mai zaman kanta a Legas, shekarunta 45, kullum dare tana gidan rawa na Tropicana, tana son wani matashin malamin makaranta, Freddie, har tana shirin ɗaukar nauyin karatunsa na lauya a Ingila don ya dawo ya aure ta. Coci-coci suka yi wa littafin ca, makarantu da dama suka hana shi. Da wani kamfanin Italiya ya nemi mayar da shi fim, sai da maganar ta kai zauren majalisar ƙasa, a nan Legas ɗin, shekarun farko na 'yancin kai, aka ce zai zubar da mutuncin Najeriya a idon duniya. Fim ɗin bai yiwu ba. Kafin nan ma, People of the City da ya fitar a 1954 ya sha haramci a ƙasar Ireland.

Mako na biyu da fara karanta Jagua Nana a ajinmu, sai ga mahaifin wata ɗalibata, dattijo, dillalin kayan gwari a kasuwar Mile 12. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, yarinyar nan ta ce min littafin karuwa kuke karantawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ta faɗa maka. Amma don Allah ka zauna ka ji inda muke yau, in ya so ka yanke hukunci."

Aka jawo masa kujera. Allah da ikonsa, a ranar mun kai wajen siyasa. Jagua ta koma hannun Uncle Taiwo, wani ƙaton ɗan siyasa mai watsa wa jama'a kuɗi a wajen yaƙin neman zaɓe, ita kuma tana zaga matan kasuwa tana nema masa ƙuri'a. Freddie ya dawo daga Ingila da wata matar, ya tsaya takara da Uncle Taiwo, 'yan bangar siyasa suka yi masa dukan da ya zama ajalinsa. Shi ma Uncle Taiwo da ya faɗi zaɓe, a tsakiyar titi aka tsinci gawarsa. Ina karantawa ina fassara wa Alhaji. Can ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce, "Yaushe ka ce an rubuta wannan?" Na ce 1961. Ya ce, "To ai ni da idona na ga wannan a zaɓen da ya wuce."

Kada ku ɗauka ya sauko gaba ɗaya. Da zai tafi ya ce min shafukan da 'yarsa ta faɗa masa suna nan ba su gudu ba. Kuma tsakani da Allah yana da hujja. Ni kaina ba zan miƙa wa yaro ɗan aji ɗaya na babbar sakandare wannan littafi in ce je ka gida ka karanta ba. Waɗanda ke gabana sun haura sha takwas, a cikin Legas suke kwana suke tashi, wayar hannunsu ta nuna musu abin da Ekwensi ko a mafarki bai rubuta ba. Tare muke karantawa, da murya a fili, ina faɗa musu tun da wuri abin da ke gaba, wanda ba zai iya ba ya fita shan iska.

Muna samari a Kano, a ɓoye littafin ke yawo hannu zuwa hannu, kowa ya san shafukan da yake nema. Yanzu da na zauna a garin nan na san zafin kuɗin haya, wata Jagua daban nake gani. Mace ce da ke tsaye gaban madubi tana ƙirga shekarunta, ta san ranar da kwalliya ta daina yi mata aiki mai gidan haya ba zai saurara mata ba. Duk wani namiji da ya raɓe ta da abin da ya zo ɗauka. 'Yan majalisar nan sun ce gadon Jagua ne ya dame su, ni kuwa ina zargin hoton Uncle Taiwo ya fi yi musu ciwo.

Wata ɗaliba ce ta ce, "Malam, mu ba mu da irin wannan da Hausa?" Kai, muna da shi, har da wuta. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa da aka ƙwace a hannun ɗalibai aka cinna musu wuta a bainar jama'a, aka kuma matsa wa marubuta su yi rajista. Ba zan ce duk abin da aka kira littattafan soyayya na kirki ba ne, akwai shirme jingim. Amma wuta ba ta bambance aya da tsakuwa. A Masar ma, Najib Mahfuz ya fitar da Awlad Haratina a jaridar Al-Ahram a 1959, aka hana buga shi littafi sai a Beirut a 1967, ya ci kyautar Nobel a 1988, a 1994 wani saurayi ya soke shi da wuƙa a wuya, saurayin da bai ma karanta littafin ba.

Sai na kawo musu Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Marubuciyar da aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya ƙarama, ga shi a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar littafinta da Turanci. Rabi ce da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kore ta, ta riƙe yaran da sayar da abinci. Da dukiyarsa ta ƙone Delu ta juya masa baya, sai aka taru a kan Rabi ta koma.

Jama'a, ban taɓa ganin ajin nan ya yi zafi kamar ranar ba. 'Yan mata suka ce wallahi da su ne ba za su koma ba. Samari suka ce ai haƙuri aka san mace ta gari da shi, nan take aka yi musu caa. Wani ya ce marubuciyar ce ta ji tsoro, wata ta ce a'a, da gangan ta bar ƙarshen da ɗaci don mai karatu ya ji haushi. Ashe mahaifiyar wata ɗaliba tana bakin ƙofa tun ɗazu, ta zo tafiya da 'yarta, ita ma abinci take sayarwa. Ta leƙo ta ce, "Malam, a gafarce ni. Ku 'yan nan, a cikinku wa ya taɓa aurar da 'ya mace ubanta yana raye ba ya gidan? Ku bari sai kun yi, sannan ku faɗa wa Rabi abin da za ta yi."

'Yarta ta ce, "Amma Umma, ke ai ba ki koma ba."

Hajiya ta ce wannan maganar ba ta aji ba ce, a gida za su yi ta. Ta kuma ce Asabar mai zuwa kada a fara sai ta iso, kuma daga shafin farko za a sake ɗauko mata. Haka za a yi in sha Allahu, sai dai ban yi muku alkawarin kunna kyamara ba, sai in ta yarda.