Allon da Mutum Miliyan Ɗaya Suka Yi wa Zane

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Ranar 1 ga Afrilun 2017 shafin tattaunawa na Reddit na Amurka ya shimfiɗa wani farin allo a intanet, ya sa masa suna r/place. Faɗinsa ɗigo 1,000, tsawonsa ɗigo 1,000, launukan da aka bayar 16. Dokar ba ta da yawa: ka zaɓi launi, ka ɗiga ɗigo ɗaya tak, sannan ka jira kamar minti biyar kafin ka ƙara. Kuma wanda ya ga dama yana iya ɗiga nasa a kan naka. Awa 72 aka yi, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu.

Ku riƙe wannan jiran na minti biyar, don a wurina shi ne ƙashin bayan lamarin. Mu yi lissafi tare. Ɗigo 12 ke nan a awa, 288 a yini da dare, idan ba ka runtsa ba, ba ka tashi salla ba. 'Yar ƙaramar tuta ma sai ta ci ɗigo 600, kuma kafin ka kai rabi wani ya ɓata maka farkon. To ina mafita? Dole ka kira gayya. Nan da nan mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka haɗu a manhajar hira ta Discord, suka fitar da taswirar zane, aka raba wa kowa gurbinsa da launinsa. Har masu gadin dare aka naɗa, in Turai ta yi barci Amurka ta tsare. Tutar Jamus ta yi ta miƙewa har ta afka wa ta Faransa, aka yi ta fafatawa, daga bisani aka sasanta da zana tutar Tarayyar Turai a wurin. Wasu kuma baƙin launi kawai suke malalawa kan aikin jama'a.

Da aka maimaita a 2022, na kwana huɗu, allon ya ninka huɗu, amma wasan ya sauya. Masu watsa shiri kai-tsaye a Twitch, musamman na Faransa da Sifaniya, suka riƙa tura dubban mabiyansu wuri guda da umarni ɗaya. Wasu suka saki manhajojin da ke ɗiga musu suna kwance. Kowa ɗigo ɗaya ne a doka, amma mai jama'a ya fi ƙarfin mai basira, ni dai haka na gani.

Sannan makullin yana hannun kamfani. A sa'o'in ƙarshe na 2022 Reddit ya janye duk launuka ya bar fari kaɗai, mahalarta suka shafe aikinsu da hannunsu.

Malam shugaban taro yana nuna mini agogo. Bismillah, mai tambaya ya ɗaga hannu.