Inuwa Tana Tafiya: Lacca Kan Hawan Duwatsun Hamada a Tsakiyar Bazara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayena malamai da ke layin gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya, kuna jina? To, madalla. Wanda ke kusa da taga ya taimaka ya buɗe ta. Tun da maganar zafi muka zo yi, kada mu fara gwajin tun daga cikin ɗakin nan. (dariya)

An ce in yi magana kan hawan dutse a hamada lokacin da zafi ya kai maƙura. Abu huɗu na rubuto a takardar nan: wurin, inuwa, ruwa, sai saukowa. In Allah ya yarda za mu taɓa kowanne.

Na farko, wurin. Inda na fi sani shi ne Wadi Rum, a kudancin ƙasar Jodan, kimanin kilomita 60 gabas da garin Aƙaba. Kuma idan na ce hawan dutse, kada ranku ya tafi kan Dala, inda mutum zai bi matakala yana hira a waya. Bango nake nufi, a tsaye cak, ɗaruruwan mitoci, kana da igiya a ƙugu, yatsunka cikin tsaga, abokinka na ƙasa yana sakar maka igiyar kaɗan-kaɗan. Babban dutsen wurin, Jabal Rum, ya haura mita 1,700 daga saman teku. Dutsen yashi ne ja, wanda ya daskare a kan gindin baƙin dutse mai tauri. A 2011 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Turawan Ingila biyu, Tony Howard da Di Taylor, su suka buɗe shi ga masu hawa na zamani tun daga 1984, amma da suka zo sun tarar Larabawan ƙauyen wurin, 'yan ƙabilar Zalabiya, sun riga kowa. Iyayensu da kakanninsu sun daɗe suna bin awakin dutse har ƙololuwa, babu igiya, babu takalmin roba. Har yau ana kiran waɗannan hanyoyi da sunan hanyoyin Baduwai, wato Larabawan ƙauye.

Masu hankali suna zuwa can ne a watan Maris da Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba. A Yuli da Agusta zafi na iya kai digiri 40 a inuwa. Ku riƙe wannan kalmar, a inuwa. Duk ma'aunin da kuke ji a rediyo a inuwa ake auna shi. Dutsen da rana ta kwana... a'a, ta wuni a kansa, ya fi haka nesa ba kusa ba.

To shi ya kawo mu na biyu, kuma ku yi mini haƙuri a nan, don wannan shi ne abin da ya fi cin raina. Inuwa.

Mu Hausawa muna cewa inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Wanda ya fara faɗin wannan ya lura da abin da mai hawan dutse ke biyan ransa a kai: inuwa ba ta zama inda kake tsammani, kuma ba ta tsayawa. Rana tana cin digiri 15 a sararin sama kowace awa. Ba ta jiran wanda igiyarsa ta sarƙe.

Ku kwatanta kwarin Rum a ranku. Ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa. Ƙauyen yana tsakiya. Ta yamma da shi Jabal Rum, fuskarsa na kallon gabas. Ta gabas kuma Jabal Ummu Ishrin, fuskarsa na kallon yamma. To da hantsi, wanne ne ke cikin rana? Ɗalibar nan mai jan mayafi? Jabal Rum, haka ne, Allah ya yi miki albarka. Rana na fitowa take dukan sa. Ummu Ishrin kuwa yana cikin inuwar kansa har kusan azahar. Bayan azahar sai su yi musaya. Wato dutse ɗaya, hanya ɗaya, da safe rahama ce, da la'asar tanda ce.

Sai mutum ya ce, to ai da sauƙi, in hau mai kallon gabas da yamma, bayan rana ta bar shi. Ka yi gaskiya rabi. Wa ya taɓa kwana a ɗakin siminti a watan Afrilu? Ku ɗaga hannu. Kusan kowa. Ƙarfe goma na dare ka taɓa bangon, me kake ji? Ɗumi, kamar an sauke tukunya. Haka dutse yake. Ya sha rana tun safe, yana riƙe da ita, yana amayar maka da ita a fuska a hankali. Ga shi iskar kanta ta fi zafi tsakanin azahar da la'asar. Shi ya sa inuwar safe ta fi inuwar yamma daraja, don ita dutsen ya kwana yana hucewa. Da sanyin safiya ake kama fara. Mu kan bar ƙauye tun kafin asuba da fitila a goshi, mu yi salla a gindin dutsen, haske na bayyana hannu na kan dutse.

Bari in ƙara muku wani abu, ko da shugaba zai harare ni. Littattafan hawan dutse da aka rubuta a Turai da Amurka duk suna cewa, in kana son inuwa ka nemi bango mai kallon arewa. A ƙasashensu gaskiya ne, don da tsakar rana kullum rana tana kudu da su. A Wadi Rum ma, da ke wajen digiri 29 arewa da tsakiyar duniya, da tsakar rana haka ne, sai dai a watan Yuni rana tana fitowa ne ta arewa maso gabas, ta faɗi ta arewa maso yamma, don haka bangon arewan ma yana shan ta safe da yamma. Amma ɗauki wannan littafin ka tafi da shi Azbin, ka je duwatsun Bagzam arewa da Agadas. Daga farkon Mayu zuwa farkon Agusta, rana da tsaka tana arewa da kai. Bangon da littafin ya ce inuwa ne, shi ke cikin rana. Ko a Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa. Malamanmu na zaure da ke auna zawali da taki sun san wannan tun kafin a haifi mai littafin. Allah ya gafarta malam, ko ba haka ba? Kun ji, ya ce haka ne. Gobe ku kafa kara a tsakar gida ku duba da idonku.

Ina nanata wannan ne saboda na ga abin da yake yi wa mutum. Wata rana muna kan wani bango mai kallon yamma, ni da wani abokina, mutum mai ƙarfi, ya fi ni iya hawa. Lissafinmu shi ne mu sauko kafin azahar. Mun kai inda za mu kai lafiya. Wajen saukowa, muka ja igiya, ta maƙale can sama a wata tsaga. Dutsen yashi yana da wannan halin, igiya na cin sa, ta yi wa kanta kwari, ƙullin ya zauna a ciki. Muka ja, muka girgiza, shiru. Dole ya sake hawa ya kwanto ta. Awa biyu ta tafi. Ni ina tsaye a wani ɗan tudu da bai fi faɗin tabarma ba, ina kallon layin rana yana gangarowa daga saman bangon. Ja a sama, toka-toka a ƙasa, layin a tsakani kamar an ja shi da wuƙa. Ya zo kan kwalkwalina, ya zo kafaɗa. Ƙarfen da igiya ke bi ta cikinsa ya yi zafin da sai na naɗe hannu da gefen rawani kafin in kama. Takalmin hawa matsattse ne, robarsa baƙa, yatsun ƙafa kamar an sa su a garwashi.

Da ya dawo, sai na ga yana ɗaure ƙullin da ya ɗaura sau dubu a rayuwarsa, ya kwance, ya sake, ya kwance. Na kira sunansa, ya dube ni, ya tambaye ni ko mun rufe motar. Ba da mota muka zo ba. A nan cikina ya ɗuri ruwa. Na zaunar da shi, na cusa shi cikin wata tsaga mai ɗan duhu, na zuba masa rabin ruwan da ya rage a ka da wuya da riga, ina yi masa fifita da murfin jaka. Sai da hankalinsa ya dawo, ni na ɗaura masa kowane ƙulli har ƙasa. Allah ya rufa asiri. Amma awa biyu kacal ce tsakaninmu da wani labarin.

Na uku... ko na huɗu muke? Na uku. An miƙo mini takarda, saura minti biyar. To, ruwa, da gudu.

Mai aikin ƙarfi a zafi yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa. Cikinsa kuwa da ƙyar yake shanye abin da ya wuce lita 1 a awa. Ga kowace lita kilo 1 ce a bayanka. Ku yi lissafin hawan awa shida. Ka ga ruwa kaɗai ba zai fitar da kai ba, dole sai inuwa, mun koma can ke nan. Iskar hamada busasshiya ce, gumin yana bushewa kafin ka gan shi, sai dai ka ga farin gishiri a riga. Yadda randa ko salka ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa, haka jikinka yake yi, kuma randar da ta ƙafe ba ta sanyaya komai. Ka duba fitsarinka, in ya yi ja ka makara. Kada kuma ka ɗirki zallar ruwa babu gishiri, wannan ma yana kayar da mutum. Ruwan gishiri da sukari da iyayenmu mata ke haɗa wa yaro mai gudawa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1, yana aiki a kan dutse. Jiki kuma yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi. Saukowa kuwa na riga na ba ku labarinta. Kayan aiki sai wani jiƙon.

Akwai tambaya? Baba Alhaji, bismillah. A miƙa masa abin magana.

(Mai tambaya: Malam, mu ba masu hawa da igiya ba ne. Amma in mun je Makka mukan so hawa Jabalun Nur mu ga Kogon Hira. Wannan bayanin ya shafe mu?)

Ranka ya daɗe, ya shafe ku ƙwarai, wataƙila ma fiye da mu. Mai igiya ya san haɗari ya fito nema, yana shiri. Alhaji kuwa shauƙi ne ke jan sa, ga shekaru, ga gajiyar ibada, wani da hawan jini, wani da ciwon suga, wani yana shan maganin da ke sa yawan fitsari. A hajjin 2024, a watan Yuni, zafi a Makka ya kai digiri 51.8, kuma hukumomin Saudiyya da kansu sun ce sama da mutum 1,300 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Fatawa ta malamai ce, ga su nan zaune, amma sun sha faɗa mana hawan dutsen nan ba ya cikin ayyukan hajji. In mutum ya ga lallai sai ya je, kada ya yarda hantsi ya same shi a kan matakalar. Ya tafi cikin dare ko gab da asuba, ya riƙe ruwansa da lemarsa, kuma kada ya tafi shi kaɗai.

Abin da nake roƙonku, Baba, ku gaya wa 'yan tawagarku shi ne wannan. In abokin tafiya ya fara sambatu, ko yana tangaɗi, ko ya yi fushi ba dalili, kada a ce gajiya ce, kada a ce iska ce. Zafin jikinsa ne ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara dahuwa. Kuma kada a tsaya jiran gumi ya ɗauke, wani yana jiƙe sharkaf da gumi abin ya kama shi. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki duka, a yi ta fifita, ana yi ana kiran motar asibiti. Sanyayawa ake fara yi kafin ɗauka. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.

Na'am, Baba? Matan kuma? Haka dai, har ma su sun fi... Kiran salla ne wannan? To, shugaba, na miƙa. Baba Alhaji, in an idar ka jira ni a gindin darbejiyar nan ta ƙofar masallaci mu ƙarasa. Wassalamu alaikum.